Sarƙar Injin Yankan Itace: Abin da Ke Riƙe Ta da Abin da Ke Sa Ta Tashi

A Sakkwato aikin injin yankan itace ba ya yankewa, ko da yake mu ba mutanen kurmi ba ne. Iskar farkon damina takan kayar da dogonyaro a kan katanga ko a kan wayar lantarki, sai a aika a nemo mai inji. Masu sayar da itacen girki suna son a daddatsa musu manyan gungume. Manomi yakan zo sharar gona ya tarar da kututturen ƙirya da ya gagari gatari. A duk waɗannan wurare abu ɗaya yakan maimaita kansa: ana cikin yanka sai kukan inji ya sauya, sarƙa ta zame daga kan allon ƙarfen da take zagayawa, ta rataye. Mai inji ya kashe, ya ciro sifana, ya mayar da ita, ya ci gaba. Yawan faruwar abin ya sa an ɗauke shi halin inji. Ni ban yarda da haka ba. Sarƙa ba ta fita haka kawai, kuma duk ranar da ta fita ba ta taɓa kowa ba, Allah ne ya tsare.

Sai an fahimci yadda take zaune kafin a gane dalilin tashinta. Babu noti ko ƙusa ko ɗaya da ke ɗaure sarƙa a jikin allo. Notocin nan biyu da ake gani a gefen inji allon suke riƙewa. Ita sarƙar tana da ƙananan ƙafafu ta cikinta, waɗanda ke gudu a wani siririn kwari da aka tsaga a bakin allon, kuma zurfin kwarin 'yan milimita ne. Ta baya akwai faifai mai haƙora da ke kama ƙafafun yana jan su, a hancin allon kuma yawanci akwai wani ƙaramin faifan da ke karkato su su dawo. Abin da ke hana ƙafafun tsallake kwarin shi ne ɗaurin sarƙar, wato yadda aka tura allon gaba har ta kwanta lub a jikinsa. Iyakarta ke nan. A haka take gudun wajen mita 20 a sakan ɗaya, kilomita 72 a awa ke nan, haƙoranta suna dukan itace sau ɗaruruwa a kowace sakan.

Inda aka fi zurfafa bincike a kan wannan batu shi ne ƙasashen da ke sare daji da manyan injuna, irin su Sweden da Finland da Kanada da Amurka. Can kamfanoni kamar Ponsse da John Deere da Komatsu da Tigercat suna ƙera wata babbar mota mai dogon hannu, a ƙarshen hannun akwai kai da ke rungumar bishiya, ya yanke ta daga gindi, ya kwantar da ita, ya zare rassanta, ya daddatsa ta daidai awon da aka sa masa, sau da yawa cikin ƙasa da minti ɗaya. Direba yana zaune a ɗakinsa yana danna maɓalli. Zarton da ke cikin wannan kai sarƙa ce da allo da faifai, tsarinsu ɗaya da na injin da ake ɗaukowa a bayan babur zuwa Kware ko Bodinga. Bambancin shi ne matsin mai ne ke juya ta da ƙarfin da hannun mutum ba zai iya riƙewa ba, kuma gudunta yakan kai mita 40 a sakan, ninki biyu na injin hannu.

A wannan gudu, tsinkewar sarƙa takan haifar da wani abu da masu aikin suke matuƙar tsoro, wato harbin sarƙa. Ga yadda yake faruwa. Sarƙa ta tsinke a wuri ɗaya, amma faifan baya bai daina ja ba. Ƙarshen da ya tsinke ya biyo da gudu, ya iso lanƙwasar faifan ko ta hancin allo, sai ya fyaɗa. A wannan fyaɗawar duk ƙarfin da ke cikin doguwar sarƙar yakan taru a 'yan gaɓoɓin ƙarshe, sai su sake tsinkewa karo na biyu, su tashi su kaɗai. Gutsuren bai wuce girman ɗan yatsa ba, amma gudunsa yakan kusanci gudun sauti, wanda yake wajen mita 340 a sakan. Babu idon da zai gan shi, balle a kauce. Masu bincike a Sweden sun ƙiyasta cewa a cikin tsinkewa 50 ana iya samun irin wannan harbi sau 1. A shekarar 2010, a jihar Washington ta Amurka, wani direban irin wannan mota ya rasa ransa yana zaune a ɗakinsa: gutsuren sarƙa ya huda tagar roba mai tauri mai kaurin kusan milimita 12, ya same shi a wuya.

Irin waɗannan hasarori ne suka sa aka sauya yadda ake ƙera kan zarton. An sa wani ƙarfe a jikin faifan baya wanda ke kama sarƙar da ta zame, kada ta yi jifa. An sa garkuwa a bayan faifan, wadda aikinta shi ne ta tare ƙarshen da ya tsinke, ta rage masa ƙarfi kafin ya kai ga fyaɗawa. Hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta fitar da ƙa'idar gwada irin wannan garkuwa a 2011 da lamba 11837. An ƙara kaurin tagar direba, har a wasu wurare ana ba da shawarar milimita 32 na roba mai hawa-hawa. An kuma koya wa direba kada ya taɓa yin yanka alhali allon yana saitin ɗakinsa ko saitin wani mutum, domin gutsuren yakan bi layin allon ne, gaba ko baya, da ɗan karkata ta digiri 15 kowane gefe. Masu aiki a ƙasa kuma ana so su nisanci injin da aƙalla mita 70.

Abin lura a nan shi ne, mutanen da ke da injiniyoyi da ɗakunan gwaji sun amince cewa komai kyan ƙarfe, wata rana sarƙa za ta tsinke ko ta zame, shi ya sa suka tanadi inda za ta faɗa. Amma in ka duba umarnin da suke bai wa direbobinsu, mafi yawansa a kan kula ne: ɗauri, mai, wasa haƙora, duba faifai, jefar da sarƙar da ta gaji. Waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da ke damun injin hannu a nan gida. Gaskiya ne cewa da yake gudun tamu sarƙar rabi ne, ƙarfin da ke cikin kowace gaɓa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, saboda haka harbi irin na babbar mota ba kasafai yake faruwa ba. Sai dai shi direban can yana cikin ɗaki, nesa da zarton da tsawon hannun mota. Namu mai injin cikinsa da cinyarsa da hannunsa na dama ba su kai kamu biyu daga sarƙar ba, kuma sau da yawa silifa ce a ƙafarsa.

Matsalar farko takan fara ne tun a kasuwa. Sarƙa tana da awo uku, kuma dole kowanne ya dace da injin. Na ɗaya tazarar gaɓoɓi: a auna daga ƙusar haɗi (ƙaramar ƙusar da ke haɗa gaɓa da gaɓa) ta farko zuwa ta uku, a raba biyu. Waɗanda aka fi sani su ne 0.325 da 3/8 da 0.404 na inci. Manyan motocin daji kuma suna amfani da 0.404 ko 3/4. Na biyu kaurin ƙafa, wanda yakan zama milimita 1.3 ko 1.5 ko 1.6. Na uku yawan ƙafafun, misali allo mai inci 20 da tazarar 3/8 yawanci ƙafa 72 yake ɗauka. Bambancin 1.3 da 1.6 ido ba ya kama shi a rumfar mai kaya, amma in aka sa mai siririyar ƙafa a faffaɗan kwari, sarƙar za ta riƙa kwanciya gefe da gefe, yankan ya karkace, kuma ƙaramin reshe ya isa ya ture ta waje. In kuma tazarar ba ta dace da faifan ba, kowane haƙorin faifai zai riƙa dukan ƙafa a inda bai kamata ba, har ƙarfen ya fara tsagewa. Ko a cikin 3/8 ɗin akwai babba akwai ƙaramar da aka yi wa ƙananan injuna, kuma ba sa hawa faifan juna lafiya. Kamfanoni sukan buga waɗannan lambobi a gindin allo, kusa da inda notoci ke kamawa. Mai saye ya goge wurin ya karanta, ko ya ɗauki allon ya tafi da shi kasuwa, ya fi ya ce "a ba ni ta babban inji".

Akwai wani tarko kuma ga masu sayen kayan da aka yi amfani da su a waje. Sarƙar babbar motar daji mai tazarar 0.404 takan yi kama da ta manyan injunan hannu irin Stihl 070, injin nan mai ƙarfin wajen cc 106 da masu tsaga katako suka sani ko'ina a Najeriya. Amma kaurin ƙafarta yawanci milimita 2.0 ne, haƙoranta kuma an yi su ne don su ci itace da zurfin da matsin mai kaɗai ke iya ja. Masu ƙera ta da kansu sun hana a ɗora ta a injin hannu.

Faifan baya shi ne abin da aka fi mantawa da shi, saboda a ɓoye yake a bayan murfi. Ƙafafun sarƙa suna cin haƙoransa a hankali har su yi masa gurbi. Littafin umarnin kamfanin Stihl ya ce a sauya shi bayan an cinye sarƙa biyu, ko kuma da zarar zurfin gurbin ya wuce rabin milimita. A wajenmu faifai ɗaya yakan binne sarƙoƙi da yawa. Illar ita ce, sabuwar sarƙa a kan tsohon faifai ba ta daɗewa take lalacewa, sai mai inji ya ce an sayar masa da jabu, alhali laifin yana cikin injinsa. Alamar da za a gane shi da ita ba ta da wuya: a ja sarƙa da hannu a zagaya, in ta yi tauri a wani wuri ta saki a wani, to faifan ya cinye ko kuma ba ya zagayawa daidai. Shi ma allon yana tsufa. Leɓɓansa biyu sukan buɗe, ko ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, kwarin kuma ya rage zurfi. Ga manyan sarƙoƙi, in zurfin ya gaza milimita 6 zuwa 7, ƙafafun za su fara taka ƙasan kwarin, sarƙar ta ɗago, ta rasa abin da ke riƙe ta. Juya allon sama ya koma ƙasa duk lokacin da aka wasa haƙora yana raba masa cin, kuma ba ya buƙatar ko sisi.

Sai batun ɗaurin kansa, wanda a nan ne na fi ganin ana kuskure. Yawancin samarin da ke shiga wannan sana'a sun fara sanin sarƙa ne a jikin babur, kuma duk ɗan kabu-kabu ya san ana bar wa sarƙar babur ɗan sako-sako saboda motsin tayar baya. Sai su kawo wannan ilimi kan zarto, inda ba shi da wurin zama. Sarƙar zarto ba ta son rataya ko kaɗan. Yadda ake yi shi ne a kashe inji, a bar shi ya huce, a sassauta notocin biyu, a ɗaga hancin allo sama da hannu ɗaya, a murɗa sukurun ɗauri har sarƙar ta taɓa ƙasan allon ba tare da ana hango ƙafafunta a waje ba, sannan a ƙulle notocin alhali hancin yana ɗage. Wannan ɗaga hanci yana da muhimmanci, domin in ba a yi ba, da an fara yanka allon zai ɗago da kansa, ɗaurin ya sauya. Bayan nan a sa safar hannu a ja sarƙar: ta zagaya ba tare da wahala ba. In sai an yi da ƙarfi, an wuce gona da iri, kuma wannan ma yana da nasa sharrin, don yana ƙona hancin allo, ya ci boris (ƙananan ƙarafan da faifai ke juyawa a kansu), ya gajiyar da ƙusoshin haɗi.

Zafi yana da hannu sosai a nan, ga shi mu a garin da watan Afrilu ke haura digiri 40. Ƙarfe in ya yi zafi yakan miƙe, sai sarƙar da aka ɗaure daidai da safe ta fara rataya da hantsi. Mai inji ya ƙara mata ɗauri tana da zafi, wanda ba laifi ba ne in aikin ya buƙata. Laifin shi ne a tashi aiki a bar ta haka. In ta huce za ta tsuke, ta ja faifan da ƙarfin da zai iya lalata boris har ya taɓa karanshaf, wato sandar ƙarfen cikin inji da ke juya faifan. Don haka ake sassauta ta da yamma, a sake ɗaurewa da safe. Sabuwar sarƙa kuma takan saki da sauri a yankan farko-farko, kafin gaɓoɓinta su zauna, saboda haka ana duba ta bayan 'yan mintuna kaɗan, a sake dubawa. Manyan motocin daji da yawa an sa musu na'urar da ke daidaita ɗaurin da kanta ta hanyar matsin mai. Mu na'urarmu ita ce idon mai inji da sifanar da ke aljihunsa, kuma lokacin da ya fi dacewa a duba shi ne duk sa'ad da aka tsaya zuba fetur.

Man sarƙa kuwa, kusan kowa ya san abin da ake zubawa: baƙin mai da aka juye daga mota ko janareto. Dalilin a fili yake, arha ne, wani lokaci ma kyauta. Amma man da aka yi don sarƙa yana da danƙo na musamman da ke sa ya manne, ya zagaya hancin allo ya dawo ƙasa inda ake yankan. Baƙin mai ya riga ya tsinke, zafin rana ya ƙara tsinka shi, da ya iso hanci sai ya fantsama. Ga kuma ɓurɓushin ƙarfe da ke cikinsa, wanda ke cin famfon mai, ya shiga tsakanin ƙusoshin haɗi yana goge su. Abin da muke kira miƙewar sarƙa yawanci wannan gugar ce: kowace ƙusa ta rage kaɗan, kowane rami ya faɗaɗa kaɗan, in aka tara na gaɓoɓi sama da ɗari sai tsawon ya ƙaru a fili. Masu ƙera injunan sun hana baƙin mai ƙarara, har da dalilin cutar da yake yi wa fata. Wanda bai samu man sarƙa ba, sabon man inji mai kauri ya fi masa baƙin nesa ba kusa ba. Gwajin ko mai yana fita ma mai sauƙi ne: a saita hancin allo a kan kwali ko sabon kututture ba tare da ya taɓa ba, a ba inji wuta, a ga ko layin mai ya fito. In tankin fetur ya ƙare amma na mai yana nan cike, wani wuri ya toshe.

Ƙasarmu ma tana ƙara wa sarƙa wahala. Yashi ne da mu, hunturu kuma yana cusa ƙura a cikin ɓawon kowace bishiya. Masu son a yanke kututture daidai da ƙasa suna sa haƙora su taɓa rairayi, kuma taɓawa ɗaya ta isa ta dakushe su. Dogonyaron cikin gari yana da nasa: ƙusoshin da aka kafa don rataya allon talla ko igiyar rumfa, da wayar da itacen ya haɗiye shekaru da suka wuce. Itatuwanmu na daji irin ƙirya da marke da bagaruwa ga su da tauri, giginya kuma zarenta yana cin kaifi da sauri. Daga nan abu ɗaya ke jawo ɗaya. Haƙori ya dakushe, maimakon ɓarzajjen itace sai gari mai laushi ya riƙa fita, mai inji ya danna da ƙarfin jikinsa, zafi ya ƙaru, mai ya ƙone, sarƙa ta miƙe, ta rataye, ta fita.

Siffar haƙorin da muke amfani da shi yau ta samo asali ne daga wani ma'aikacin daji a Amurka, Joseph Cox, wanda ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin itace da lanƙwasassun haƙora biyu, dama da hagu, ya kafa kamfanin da aka sani da Oregon a 1947. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu da ke ƙayyade zurfin da zai ci, kuma a yawancin sarƙoƙin hannu tudun yana ƙasa da bakin haƙorin da wajen milimita 0.65 ne kawai. Wasu masu inji sukan sa magagari su cinye tudun nan sosai don sarƙar ta riƙa cafka. Tana cafkar kuwa, amma kowane haƙori yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa, injin yana karkarwa, ƙusoshin haɗi suna shan duka, hancin allo kuma ya fi saurin yin tsalle ya dawo fuskar mai riƙe da shi. Wasa haƙora ma yana da ƙa'ida: magagari mai kaurin da ya dace, wajen milimita 5.2 zuwa 5.5 ga manyan sarƙoƙi, kusurwar digiri 30 don datsa, wajen digiri 10 don tsaga katako a tsaye, kuma na dama da na hagu su zama tsawo ɗaya. In ɓangare ɗaya ya fi tsawo, yankan zai riƙa lanƙwasa, allon ya matse a cikin itacen.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne gyaran sarƙar da ta tsinke. Akan ɗora ta a kan dutse ko guntun ƙarfe, a fitar da ƙusa da guduma, a mayar da tsohuwar ƙusar ko ma a yanko ƙusar kafinta, a daddake kanta. Ƙusar haɗi ta asali an ƙera ta ne da tauri a tsakiya inda gaɓa ke juyawa, bakinta kuma ana murza shi ne da ɗan injin murzawa har ya baje daidai. Guduma ba ta iya wannan. Ko ta matse gaɓar ta ƙi lanƙwasa, ko ta bar tsaga da ido ba ya gani. Akwai kuma dabarar cire gaɓa ɗaya in sarƙa ta miƙe har sukurun ɗauri ya kai ƙarshe. Tsawon yakan dawo daidai, amma tazarar kowace gaɓa ta riga ta ƙaru, ba ta ƙara dacewa da faifan ba, sai ta riƙa hawa kan haƙoransa. A aikin manyan motocin daji shawarar da ake bayarwa ita ce sarƙar da ta tsinke sau biyu a jefar da ita, kuma kada a taɓa yin gyara da tsofaffin gaɓoɓi. Dalilin shi ne duk gaɓoɓin tare suka sha wahalar, wadda ta tsinke ta riga sauran ne kawai.

Ko sarƙar da ta zame ba ta tsinke ba, bai kamata a mayar da ita ido rufe ba. Faifan yakan daddake ƙafafun da suka fita, ya bar musu kaifi a gefe. A bi su ɗaya bayan ɗaya, a goge da magagari mai faɗi har su shiga kwarin su yi gudu, wadda ta lanƙwashe ko ta tsage kuma a san ta gama aiki. Yawan zamewar ma yana da alaƙa da yadda ake yanka: murɗa allo a cikin itace, fizgo shi da ƙarfi in gungume ya matse shi maimakon a kashe inji a buɗe da weji (abu mai tsini da ake bugawa a cikin tsagar), da kuma share ƙananan rassan ƙaya da hancin allo, inda siririn reshe ke shiga tsakanin sarƙa da allo ya ɓalle ta.

A ƙarƙashin allo, kusa da murfin faifai, akwai wani ɗan ƙugiya na alminiyam ko roba. Shi ne mai kama sarƙa: in ta zame ko ta tsinke, a kansa take naɗewa, ya rage tsawon da zai iso ga mutum. Da gangan aka yi shi da abu mai laushi don ya sha dukan, saboda haka yakan lalace, kuma ana sauya shi. Faɗin da ke ƙasan mariƙin baya shi ma an yi shi ne don ya kare hannun dama daga ragowar. Ka duba injunan da ke aiki a garin nan ka ga nawa ne ƙugiyar ke nan. Da yawa ta karye tun tuni, wasu kuma cire ta aka yi wai tana tara dusa. Akwai wandon kariya mai dogayen zaruruwa a ciki, waɗanda in sarƙa ta taɓa su suke fita su cushe faifan ya tsaya. Wandon mataki-mataki ne: na 1 an gwada shi da sarƙa mai gudun mita 20 a sakan, na 2 a 24, na 3 a 28. Na san zafin Sakkwato ba ya barin mutum ya so ƙarin sutura, amma akwai irin wanda ake ɗaurawa a gaban ƙafa kawai, a kwance in an gama. Riga mai faɗi da rawani mai jela kuwa ba su da wuri kusa da sarƙa.

Duk wannan ilimi yawancin tsofaffin masu inji sun san shi, wasu ma sun fi ni saninsa a hannu. Abin da ke hana a yi aiki da shi tsarin sana'ar ne. Sau da yawa mai injin daban, mai yankan daban. Mai yanka ana biyansa ne a kan abin da ya yanke, don haka duk mintin da ya tsaya duba ɗauri ko wasa haƙora yana ganin kamar daga aljihunsa ne. Sayen sarƙa da faifai da mai kuma yana wuyan maigida, wanda ba ya wurin in abin ya faru. Yaro ya ce, "Maigida, sarƙag ga ta gaji," a ce masa, "Lallaɓa ta dai mu ƙare aikin ga." In ta tsinke ta yanke jijiyar hannu, sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara, amma wanda aka gaya masa sarƙa ta gaji ya ce a lallaɓa, akwai tambayar da ke jiransa. Ko ta fuskar kuɗi lissafin bai fita ba: sarƙar da ke zamewa tana cin allo, tana cin faifai, tana ƙara shan fetur, kuma allo ya fi ta tsada. Maigidan da ya tanadi sarƙa biyu ko uku ana juya su a kan faifai ɗaya, a wasa su da yamma a inuwa, a sauya su tare in sun ƙare, shi ne injinsa ke daɗewa.

Akwai kuma wanda ba a cika lissafawa da shi ba, wato yaron inji, mai ɗauke rassa da riƙe gungume. Wurin da yake tsayawa yawanci gaban hancin allo ne, daidai layin da manyan kamfanoni suka hana kowa tsayawa. Ga yaran unguwa da ke taruwa kallo duk inda inji ya yi kuka. Kafin a tayar da inji a kori 'yan kallo, mai taimako ya koma gefe, in bishiya za a kayar kuma kowa ya nisanta da ninki biyu na tsawonta.

Sakkwato tana cikin jihohi 11 na gaba-gaba a shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma ba na cikin masu son a ƙara sare ko bishiya ɗaya ba bisa izini ba. Amma itatuwan da ake dasawa yau za su buƙaci sassabe da ragewa gobe, iska kuma ba za ta daina kayar da tsofaffi ba, saboda haka injin nan yana tare da mu. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da sashen koyar da ilimin gandun daji, jiha kuma tana da ma'aikatan gandun daji da ke hulɗa da masu saran itace. Horon yini biyu da Hausa, da inji a gaba ana kwancewa ana ɗaurawa, zai isa a koya wa mai yanka awo ukun nan, da ɗauri, da wasa haƙora, da layin da ba a tsayawa. Za a iya haɗa shi da takardar izini, a kuma duba ko ƙugiyar kama sarƙa tana nan kafin a sa hannu. Masu sayar da kayan inji su ma a sa su ciki, domin su ne ke miƙa wa mai saye sarƙar, kuma su ne za su iya tambayarsa lambar da ke gindin allonsa kafin su yanko masa.